Jemagun Kuka da Ƙuda Mai Gemu

Talata, 25 ga Mayu, 1999

Kai, ka taɓa kwana ɗaki kai kaɗai, ba ƙane ba akuya, ga ƙofa da sakata? Ni dai sai jiya. Na yi ta juyi, shirun ya yi mani yawa.

Sunana Yari. Na rubuta ne in ga ko hannuna bai manta ba, tunda aji huɗu na tsaya. Daga wajen Kaita na zo. Tun bayan Sallar Layya nake kwana zauren wani mai gyaran keke a Ƙofar Guga, ina dako in an samu. Baba Dabo ne ya tsamo ni. Abokin babana ne, Allah ya jiƙan baba, shi ke gadin wani gida nan GRA. Mai shara da ban ruwan fulawa na gidan zai bi sojan da ke ciki, za su tashi, sai Baba Dabo ya ce in zo in riƙe tsintsiyar kafin wani ya riƙe.

Alhamdulillahi. Amma ya ce kar in baje. "Ba a ɗauke ka ba tukuna, ɗana. Sabon maigida zai ce e ko a'a. Soja in ya zo, wanda ya tarar shi ke mashi aiki. Farar hula kuwa da jama'arshi yake tafe, har mai kamun kaza."

In aka ce a'a, sai gida. Kuma na ce ma Inna ba zan dawo hannu rabbana ba.

Alhamis, 27 ga Mayu

Sojan ya tashi. Babbar mota ta kwashe komai har turmi. Bai ko kalle ni ba, na ji daɗin haka.

Na zagaya gidan sosai. Gaba tsaf, fulawa layi-layi. Can baya wajen katanga kuwa daji ne. Rairayi, busasshiyar ciyawa, karmami, guntayen itace. Sai wani tsohon iccen kuka mai kogo, bakin kogon daidai ƙirjina. Wari ke fitowa ciki. Da magariba na ga abin da ke warin: jemagu, ƙanana-ƙanana, suna ta bulbulowa kamar hayaƙi. Na yi a'uziyya.

Akwai kuma bobuwa a wajen, irin ƙudan nan da ke cizon shanu har jini. Waɗannan dai sun fi namu na gida tsawo, kuma kamar da gashi a fuska. Na ce ƙila na birni ne. Na kashe da yawa da silifa.

Asabar, 29 ga Mayu

Yau soja ya miƙa mulki. Tun safe rediyon Baba Dabo ke kunne, can cikin gari kuma ham ɗin motoci da mashina. Na ce mashi, Baba, to yanzu me zai canza? Ya ce, "Wajenmu? Mai tsawar ne zai canza murya." Ya ba ni goro na ci, ya yi mani ɗaci.

Litinin, 31 ga Mayu

Masu fenti sun zo. Ɗayansu ya leƙa baya ya toshe hanci, ya ce wane irin mai shara ne wannan ya bar ƙazanta haka. Maganar ta tsaya mani.

An ce ran Alhamis sabon maigida zai zo duba gida. Ma'aikacin gona ne babba, da can malamin kwaleji. Dole ya tarar da abin da zai ce, kai, yaron nan ya iya aiki. Na san abin da zan yi. A gida in jemagu suka shige rumbu ba ma tsayawa shawara.

Laraba, 2 ga Yuni

An gama! Hannuna duk laka nake rubutun nan.

Da hantsi na samo busasshen kashin shanu wajen masu madara, na haɗa da tsumma da barkono, na kunna, na tura cikin kogon. Wallahi sai ka ga yadda suka fito da rana tsaka, suna karo da juna, suna karo da katanga. Shirwa ta zo ta samu rabonta. Ni kaina na yi atishawa har hawaye. Da hayaƙin ya lafa na kwaɓa laka da ciyawa na yaɓe bakin kogon, sumul, irin yaɓen rumbu. Har na shafe shi da bayan cokali.

Baba Dabo ya zo ya tsaya. "Wa ya sa ka?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Uhm. Aikin ba-kowa." Ya koma bakin get.

Da magariba sun dawo suna ta kewaya iccen, suna faɗa ma lakar, su tashi, su sake faɗawa. Taurin kai. Na ce ku gama ku tafi.

Alhamis, 3 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba. Ba a kore ni ba dai, in fara da wannan. Alhamdulillahi.

Da safe ya zo. Malam Mudassir sunanshi, siriri, da tabarau, ba shi da hayaniya. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi Inna, ya tambayi ya baƙunta. Ko cikin ɗakunan bai shiga ba, ya miƙe can baya kamar wanda ya san hanya. Ni kuwa ina bin shi ina murna. Kafin mu kai na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sauran ko ɗaya. Na kore maka su duka jiya, na liƙe."

Ya tsaya. Ya juyo. "Ka kore su wa?"

Na ce jemagun.

Sai ya sa gudu. Babban mutum da babbar riga! Ya kai wajen, ya dafa lakar, ya kara kunne jiki. Ya ce, "Innalillahi. Kawo fartanya. Yi sauri!"

Ni na yaɓe, ni na fasa. Da ramin ya buɗe ya haska da tocila ya ce in leƙa. 'Ya'ya ne. Can sama manne da jikin iccen, tsirara, ba gashi, kowane bai fi babban yatsana ba, suna wani ɗan tsiii-tsiii. Ƙasa kuma wasu sun faɗo ba motsi. Na miƙa hannu, ya buge mani hannun, ya ce ba a taɓa su da hannu, akwai ciwon da ake ɗauka. Da shebur muka kwashe matattun na binne.

Ashe haihuwa suke. Ashe nono suke ba su. Ni duk zatona ƙwai suke yi kamar tsuntsu. Waɗanda suka yi ta faɗa ma lakar jiya uwaye ne.

Ya ce tun yana koyarwa yake kawo ɗalibai su leƙo kukar nan ta bayan katanga, sojoji na korarsu. Da aka ce ya zaɓi gida cikin gidajen da sojoji suka bari, saboda ita ya zaɓi wannan. Bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Ya ce dai, "Yanzu ne farkon damina, yanzu suke haihuwa. Ɗa ɗaya a shekara." Ya goge tabarau.

Na tattara ƙarfin hali na ce, ranka ya daɗe, to ni fa? Ya ce, "Mu ga ko za su dawo tukuna."

Baba Dabo ya yi dariya har ya ƙware. "Mutum ya zaɓi gida don baƙi, kai ka kore mashi baƙin!" Daga baya ya turo mani kwanon tuwonshi.

Juma'a, 4 ga Yuni

Wasu jemagun sun shiga kogon jiya, ba yawa. Warin barkonon na nan. A masallaci na yi addu'a, ban faɗa ma kowa a kan me ba.

Lahadi, 6 ga Yuni

Su Malam sun tare. Matarshi Hajiya Fadila, da yara ƙanana. Hajiya mai faɗa ce amma tana dariya cikin faɗan. Da ta ji labari ta kira ni bakin kicin. "Kai ne Yari? Kai ne ka yi mani aikin kirki aka hana?" Malam ya ce, Hajiya don Allah. Ta ce, "Baban Sumayya, ni fa ba da jemage aka ɗaura mani aure ba."

Baba Dabo ya ce in kula, a gidan nan Malam ke magana amma Hajiya ke sa hannu.

Talata, 8 ga Yuni

Saura kaɗan in sake ɓarna.

Na ce tunda na ɓata can, bari in gyara nan. Na ɗauki fartanya da la'asar zan nome dajin nan na baya in share shi fes. Ga bobuwa zaune kan wani kara. Na cire silifa. Sai na ji an riƙe mani hannu ta baya. Malam ne, ya dawo ofis ban ji motarshi ba.

"Me ya yi maka?"

Na ce bobuwa ce, ranka ya daɗe, tana cizon shanu.

"Ina shanun?"

Na duba. Gaskiya ba shanu.

Ya ce in tsuguna. Shi ma ya tsuguna, rigarshi cikin ƙasa. Ya ce kar in yi motsi. Na dubi abin da kyau, karo na farko. Dogon ciki, ƙafafu masu ƙaya, manyan idanu, ga gemu fari-fari a fuska kamar wani dattijon unguwa. Kanshi kaɗai ke juyawa. Can wata 'yar fara ta tashi. Ban ga tashinshi ba. Na dai ga ya dawo kan karan nan da ya bari, da farar rungume, ya soka mata baki ta ƙeya. Ta ɗan yi shure-shure ta daina.

Malam ya ce ba bobuwa ba ne, ba ruwanshi da jinin dabba ko na mutum, sai dai in ka damƙe shi ya kare kanshi. Farauta yake. Fara, ƙudan gida, ƙwaro, duk abin da ya gifta. Na ce meye sunanshi? Ya faɗi na Turanci, bai zauna mani ba. Ya ce na Hausa kuwa ya yi ta tambaya bai samu ba. Na ce to ƙuda mai gemu. Ya yi murmushi, yau na fara ganin haƙoranshi.

Ban gaya mashi waɗanda na kashe da silifa ba.

Ya ce kar in nome wajen, kar in share, kar in ƙona. Cikin rairayin nan suke ƙwai, tsutsarsu na ƙasa tana cin tsutsar da ke cin saiwar shuka.

Alhamis, 10 ga Yuni

Ina ta haɗa su a raina, jemagen da ƙudan. Malam ya ce aikinsu ɗaya, cin ƙwari, sai dai ɗaya ya karɓi dare ɗaya ya karɓi rana. Kamar Baba Dabo da wanda ke canjinshi.

Amma ba su yi kama ba ko kaɗan. Jemage da kunne yake kamu, wai ihu yake yi wanda mu ba ma ji, ihun ya bugi sauro ya dawo mashi. Wannan ban gama yarda ba. Ƙudan kuwa da ido, na gani da idona. Jemage sai cikin jama'a, a matse, kamar 'yan kasuwar Laraba cikin mota. Ƙuda shi kaɗai kan karanshi, ko ɗan'uwanshi ya matso sai ya cinye. Jemage na goyo. Ƙuda ya zuba ƙwai cikin ƙasa ya yi gaba, bai san 'ya'yanshi ba.

Kashe su ma ba iri ɗaya ba. Jemagu duk garinsu rami ɗaya ne, mutum ɗaya da laka ya isa. Na sani. Ƙudan kuwa a hankali yake ƙarewa, nan a yi siminti, can a yi feshi, can a share, ba mai lura. Malam ya ce, "Jemage ko zaginshi ake yi an san da shi. Wannan ko ya ƙare ba mai cewa ina yake."

To abin da ya dame ni. Kar ka share, kar ka nome, kar ka ƙona. Mai sharar da aka hana shara, me za a ajiye shi ya yi? Na tambayi Baba Dabo, ya ce in je in ba fulawa ruwa in bar shi ya ji labarai.

Lahadi, 13 ga Yuni

Ruwa kamar da bakin ƙwarya jiya. Ya wanke warin. Yau da magariba sun fito da yawa, ba kamar da ba amma da yawa. Malam na tsaye, sai ya dafa kafaɗata ya wuce masallaci. Na ji kamar an sauke mani buhu.

Maganar aiki dai har yanzu shiru. Ina jin nauyin tambaya.

Laraba, 16 ga Yuni

Malam ya tafi rangadi wajen Funtuwa, sai Asabar. Ƙaramar yarinyar, Sumayya, zazzaɓi. An kai ta asibiti an dawo. Hajiya ba dariya yau.

Alhamis, 17 ga Yuni



Hajiya ta kira mai feshi. Ya zo da tulun ƙarfe a baya da tsumma a hanci. Ya yi ɗakuna, ya yi kwata, ya yi bayan kicin. Wannan ban ce komai ba, sauro ya yi yawa, yarinya kwance. Sai na ji Hajiya ta ce, "Ka wuce can baya, dajin nan da ramin iccen nan, ka cika su taf."

Ban san lokacin da na je na tsaya kan hanyar ba, da tsintsiya a hannu. Mai feshin ya ce, "Kai ɗan ƙauye, matsa." Na ce nan ne iyaka. Hajiya ta fito da mayafi a hannu.

"Yari, kai da wa?"

Na durƙusa. Na ce Hajiya ki yi haƙuri, Malam ya ce kar a taɓa.

"Malam ɗin na nan? 'Yata ce kwance ko ta Malam kaɗai? Kai ba kai ne ka cusa masu barkono ba, yau ka zama ubansu?"

Na ce ni ne, Hajiya. Na ce sauron ba can yake ba, can rairayi ne, ruwa ba ya kwana. Yana cikin tsofaffin tayoyin da sojan ya bari bayan gareji, na ga tsutsarshi jiya. Na ce ki bari in kife su yanzu, in ya so in Malam ya dawo ya ce a fesa, ni zan riƙe ma mai feshin tulu.

Ta daɗe tana kallona. Na ce a raina shikenan, gobe ina tasha. Har na ga fuskar Inna.

Sai ta ce ma mai feshin, "Bar shi. Je ka yi garejin." Ni kuma ta nuna ni da yatsa: "Za mu yi magana."

Na kife tayoyin duka, na cike wani rami da ƙasa. Baba Dabo ya ce, "Ɗana, ko soja ban ga ya tare matar gida da tsintsiya ba." Wannan karon bai yi dariya ba.

Juma'a, 18 ga Yuni

Zazzaɓin ya sauka. Na ji Sumayya tana neman shayi. Hajiya ba ta kira ni ba. Na ɗaure kayana cikin buhu don kar a ce in tafi in tsaya kame-kame.

Lahadi, 20 ga Yuni

Na kwance buhun!

Da safe aka kira ni falo. Ban taɓa shiga ba, na cire takalmi tun waje. Malam na zaune da jarida, Hajiya ta ba shi labari duka a gabana, har yadda na riƙe tsintsiyar, ta tashi ta gwada. Malam ya rufe fuska da jaridar, kafaɗarshi na rawa.

Ta ce da farko ƙanen ƙawarta ta yi niyyar kawowa aikin nan, har ta yi mashi alkawari. Ta ce, "Amma wanda ya iya tare ni zai iya tare kowa. Ka zauna. Sharaɗi ɗaya, kashin jemagen nan kar in ji warinshi bakin kicin." Malam ya ce ai taki ne mai kyau, in riƙa kwashe na bakin ramin da shebur ina kai ma fulawa, in rufe hanci. Ta ce, "Kun ji ku. Ku biyu Allah ya shirye ku."

Na yi godiya har ta ce ya isa haka. Na fito na rasa inda zan nufa, sai na samu kaina can baya. Mai gemu na kan karanshi, ko shi ne ko wani. Na ɗan zauna. Ba wani abu ba, inuwa ce a wajen.

Zan aika ma Inna saƙo ran kasuwa.

Yanzun nan Mamman ya leƙo ta katanga, mai sharar gidan da ke jikin namu. Wai ya ji an ce ni gwani ne wajen korar jemage, su ma suna da su cikin rufin gareji, ya tara tsumma da barkono, in zo in nuna mashi yadda ake yi. Na ce kar ya kunna sai na zo. Ni ba damuwa na yi da su ba, wari gare su, kuma har yau in sun gifta kaina sai na sunkuya. Kawai dai ya bari damina ta wuce, me zai rage shi? In ya ƙi, Malam na gida, zan kira shi.

Kamar ina jin ƙaurin tsumma. Bari in tafi.